Ranar da Ledar Ruwa ta Ƙare

Ni ba raguwa ba ce, allura ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Ƙarin ruwa nake tsoro, ina kuwa da dalilina.

Sana'ata kitso. A shekarun nan da aka fara ba mu jiha, matan ma'aikatan ƙaramar hukuma layi suke yi a tsakar gidana a Maiyama, kowace tana so ta fi 'yar'uwarta ranar suna. Ana nan sai yatsuna suka fara yi mini gardama. In tashi da safe in same su a kumbure, a sanƙare, sai rana ta ɗaga kafin in iya riƙe kibiyar kitso. Daga yatsu ciwon ya hau wuyan hannu, ya sauka gwiwa. Aka ce sanyin ƙashi ne. An yi gashi, an yi ƙaho, na sha jiƙo iri-iri, shiru kake ji. Yayata da ke aure a Alelu ta kai ni wurin masu ɗori a Aliero. Tsohon ya jujjuya hannuna ya ce, "Ɗiyata, babu abin da yak karye nan. Ku tai asibiti."

A Jega likita ya ce amosanin gaɓoɓi ne. Akwai maganin da za a zuba a cikin leda a ƙara mini ta jijiya, kwana uku a jere, kullum leda ɗaya. Ina jin haka cikina ya ɗuri ruwa tun ba a sa mini ba.

Shekara bakwai kafin nan ni na yi jinyar Innarmu a wani asibiti. Matan ɗakin jinya kowace da karatunta, amma bakinsu ɗaya a kan abu guda: a sa wa leda ido. In ruwa ya ƙare ba a rufe ba, iska ta bi roba ta shiga jijiya, shi ke nan sai wanka da likkafani. Ranar da abin ya faru, bayan azahar, ledar Inna tana rabi, ita kuma tana barci. Wata mai jinya ta roƙe ni in ƙarasa mata layi biyu da suka warware. Muka zauna a gindin darbejiya. Layi biyu ya zama rabin kai, don ni in na kama gashi ba na sanin lokaci. Da na dawo na tarar ledar ta shanye ta manne, Inna kuma ba ta numfashi. Ba wanda ya tambaye ni inda nake, ni ma ban faɗa wa kowa ba. Da hannuwana suka fara ƙagewa ban yi mamaki ba. A raina na ce su suka yi laifin, su aka kama.

To ga ni kwance, ga ƙarfe a tsaye kusa da kaina, ga leda a rataye. Nas ɗin wata doguwa ce mai saurin hannu. Ta nemi jijiya a bayan hannuna na hagu, ta soka, ta manne da filasta, ta murza ɗan abin da ke daidaita ɗigo. Sanyi ya bi damtsena, bakina ya yi ɗaci kamar na tsotsi tsohon kwabo.

"Yaya, kak ki ɗaga daga nan," na ce.

"Ina zan tahi? Ke dai kin cika tsoro."

"Ki rantse."

"Allah shi shirye ki. Na ce ina nan."

Ranar farko idona bai bar ledar ba. Saura kusan kofi guda na fara kwaɗa wa nas kira, ta zo tana dariya ta ce maganin ai a ƙasa ya fi yawa. Rana ta biyu ma haka, har matar gadon da ke gefena ta sa mini suna mai gadin leda. Ban yi dariya ba. Amma da safen rana ta uku na lura kumburin ya ɗan saɓa, na iya ɗaura zanena da kaina.

A ranar ta uku aka makara, ba a sa ruwan ba sai da rana ta take. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, maganin ma yana hana ni. Ina kallon ɗigo, ɗis, ɗis, ban san sanda ido ya rufe ba.

Na farka ba Yaya. Tabarmarta na nan, butarta ba ta nan, ta tafi alwala. An kawo wata mara lafiya a rikice can ƙarshen ɗaki, ma'aikata duk sun rufu a kanta. Na ɗaga kai. Ledar ta manne, irin mannewar da na sani.

Na buɗe baki in yi kira, murya ta ƙi fita. Ina gani 'yar kwalbar da ke ƙarƙashin ledar ta tsiyaye, ruwan ya fara sauka a cikin siririyar robar, iska na biye da shi. Na kai hannun dama in matse robar. Yatsun da suka yi shuku da zane a kan rabin matan Maiyama suka kasa matse abin da bai kai tsinken tsintsiya biyu kauri ba. Na gwada ɓare filasta, farce ya zame. Na tuna 'ya'yana, na tuna ban nemi gafarar kowa ba. Sai na yi kalmar shahada na zuba wa robar ido, ina jiran abin da na tabbata shi ya ɗauki Inna.

Ruwan ya sauko, ya sauko, da ya rage kamar kamu ɗaya ya kai hannuna sai ya tsaya. Na jira. Bai motsa ba. Can jini ja ya ɗan leƙo daga bakin allurar ya hau robar kaɗan. Na yi ta jira har na gaji da jiran mutuwa.

Da nas ta zo na same ta da faɗa, murya ta dawo har da ƙari. Ta bar ni na gama, ta rufe abin, ta ce, "Baba, irin wagga leda in ta ƙare tsayawa ruwan ka yi. Jinin jikinki shi ka tare shi. Sai dai allurar ta toshe mu sake wata."

"In an daɗe hwa? In mutum ya tahi ya yi rabin kitso?"

Ta dube ni, ba ta gane tambayar ba. "Ko kitson amarya na."

Yaya ta shigo da ruwan alwala a fuska ta same ni ina kuka kamar yarinya. Ta rikice tana ba ni haƙuri, wai minti nawa ta yi. Nan na faɗa mata komai, darbejiya da layi biyu da shekara bakwai. Ta zauna a bakin gado.

"Ke," ta ce, "tun da sahe likita yac ce muna Inna ba ta kai dare. Mun ɓoye miki don ke ta ƙarama."

Ciwon bai rabu da ni ba, har yau ina shan ƙwayoyi, in damina ta kama yatsun su tuna mini. Amma bayan sati biyu na riƙe kibiya. Kan Yaya na fara kamawa, a tsakar gidanta a Alelu. Da na tsaga gashin na ga furfura ta fito mata a gefen hagu, daidai inda ta Inna take. Na yi mata kitson a hankali, har da layi biyun ƙeya, ban tashi ba sai da na gama.