Sunan da Na Tsallake Ranar Mauludi

Shekarun baya, kafin Maiduguri ta zame mini gida, ni mutumin bakin ruwa ne. A wani gari na gaɓar Tafkin Chadi aka haife ni. Kakana ne ya zo su daga yamma, ya ga kifi, ya manta hanyar komawa. Sana'ata tuƙin jirgin inji, ina kai mutane da kwalayen banda tsakanin tsibirai da kasuwa. Amma abin da aka fi sanina da shi a garin murya ce. Ilimi dai babu, ko izu biyar ban haɗa ba, sai dai in na ƙwala kira daga gaɓa har masu su na cikin kacalla sai sun amsa. Mahaifiyata takan ce da Allah ya raba muryar nan biyu ya mayar da rabi hankali, da ta huta.

Duk shekara babu abin da muke jira kamar Mauludi. Tun ana saura wata guda ake jawo jirage kan tudu, a kankare su, a sake musu fenti. Abokina shi ne gwanin wannan aiki. Babarbare ne, tare muka taso, gidansu na kallon namu. In ya zana giwan ruwa a jikin jirgi sai ka rantse zai yi motsi. Ga shi da tsokana. Wata shekara ya zana mini kwaɗo da buɗaɗɗen baki a goshin jirgina, ya ce wai hotona ne, kuma haka na yi ta yawo da shi shekara guda ana yi mini dariya.

Ranar Mauludin kanta, bayan an kammala karatu da hantsi, sai a shiga jirage. Masu bandiri a na gaba, mata da lafayarsu da kaskon turaren wuta a na baya, a kewaya tsibiran kusa ana yabon Annabi, ruwa na mayar da amo. A dawo a ci burabusko da miyar tarwaɗa har mutum ya kasa sunkuyo. Bayan la'asar kuma sai a yi abin da dattawa suka fi ɗauka da muhimmanci. Goni, limaminmu, zai ba da takarda biyu. Ta farko sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, a nema musu gafara. Ta biyu sunayen matafiya, waɗanda suke can cikin tafki ko wata ƙasa, a roƙa musu dawowa lafiya. Ni ne mai kiran sunayen. Nakan sa babbar riga in yi ta gyaran murya, ina jin kaina kamar ni ne Gonin.

Sai ranar da mutanen daji suka shigo garin. Da safe ne, rana ta ɗan ɗaga. Ba zan tsaya ba ku labarin abin da aka yi a cikin gari ba, waɗanda suka sani sun sani. Ni dai ina gaɓa, na tayar da inji, mutane suka yi ta faɗawa cikin jirgi, yawancinsu baƙin kasuwa ne daga tsibirai, ban ma san su ba. Jirgi ya cika har ruwa na lasar bakinsa. Na tura, mun ɗan yi nisa, sai na hango abokina ya fito daga cikin gari a guje. Ya faɗa ruwa yana iyo, yana kiran sunana.

Na sassauta inji. Mutanen jirgi suka yi mini caa. Wata mata mai goyo ta riƙe ƙafata tana cewa, “Don girman Allah kada ka juya, duk za mu mutu.” Ana harbi daga gaɓa, harsashi na faɗawa ruwa kusa da mu. Tsakanina da shi bai fi tsawon jirgi huɗu ba. Na ƙara wuta na yi gaba. Da na waiwaya, a kan idona harsashi ya same shi a wuya. Ya ɗaga hannu ɗaya, ruwan wajen ya canza launi, ya nutse. Na daɗe ina waiwaye, bai taso ba.

Wata huɗu na yi kafin in iso Maiduguri, ta tsibirai, ta Nijar, ta Gaidam. Na tarar da mahaifiyata a Bulumkutu, gidan wani ɗan'uwanta. A ƙafa suka fito ta daji, tare da mahaifiyar abokina da matarsa da 'yarsu ta goye. Su kuma sun sami ɗaki a Limanti wajen danginsu. Kwana biyu da isowata na je gaishe su.

Tsohuwar, mahaifiyar abokina da nake kira Ya, wato uwa da Barbarci, ta rungume ni tana “Wushe, wushe, ɗana,” tana shafa kaina kamar ƙaramin yaro. Sannan ta leƙa bayana, ta kalli ƙofa. Ta ce, “Ina ɗan'uwanka?”

Jama'a, a hanya na shirya abin da zan faɗa. Wallahi na shirya. Amma da na ga idonta, na ga matarsa tsaye da kwanon ruwa a hannu, sai na ji bakina yana cewa, “Ya, mun rabu a gaɓa. Na ga kamar ya shiga wani jirgin da ya yi wajen Chadi.”

Ta ɗaga hannu sama ta ce Alhamdulillahi. Matarsa ta ajiye kwanon ta shige ɗaki tana kukan murna. Ni kuwa na ce wa raina tausayi ne ya sa, bari su ɗan huce tukuna, mako mai zuwa zan dawo in faɗa.

Makon nan shekara uku ya yi. Na sami keke Napep ina ja, mai tuƙa jirgi ya koma rigima da fasinja a hanyar Gamboru. Kuma a keken nan nawa nake kai tsohuwar neman ɗanta. Duk sansanin 'yan gudun hijira da ke garin nan mun shiga. Mun je wajen masu rajistar waɗanda suka ɓace, ta ba su hotonsa guda ɗaya da ta tsira da shi. In ta ji motar kifi ta iso daga wajen tafki, sai ta aiko a kira ni, mu je ta tsaya tana tambayar direbobi da 'yar Hausarta: “Ba ka ga wani yaro dogo, mai fenti a hannu?” Ina gefe ina riƙe mata jaka. Mu dawo ta zuba mini abinci, in ci.

Matarsa kuma ta zauna, ba aure ba saki ba takaba. Wani mai shago a unguwar, mutumin kirki, ya aiko neman aurenta, ta ce ita matar aure ce. Duk sallah sai ta wanke wata riga da ta ɗinka masa a nan Maiduguri, ta goge ta ajiye.

A shekarun nan ba wanda ya yi maganar Mauludi irin namu, don taro kansa abin tsoro ne a lokacin. Da gari ya ɗan lafa, sai Bulamanmu, wato mai garinmu, ya tara mutanen garinmu da ke warwatse a unguwanni, ya ce bana za a yi, ko da babu ruwa. Aka nemi izini, aka sami wani fili a Bulumkutu. Mu masu keke muka ɗaura ƙyallaye da ganyen dogonyaro a jikin kekunanmu, su ne jirage. Masu bandiri uku suka rage cikin goma sha wani abu. Kifin miya kuwa, mu da muke kyauta da shi, sai da aka yi karo-karo aka sayo a kasuwa.

Ana jibi Mauludi Goni ya kira ni, muka zauna a zauren gidan da yake haya ana kawo sunaye. Ba na shekara ɗaya ba ne, na shekara uku ne. Takardar mamata ta cika, aka ƙara wata, aka ƙara wata. Can sai ga tsohuwar ta shigo da sandarta. Ta durƙusa ta gaida Goni, ta faɗi sunan ɗanta, ta ce a sa shi cikin matafiya. Ta juyo gare ni ta ce, “Ɗana, in ka zo kan nasa ka ɗaga murya sosai. Wa ya sani ko iska ta kai masa.”

Na ce, “To, Ya.”

Ranar ta zo. Aka yi karatu, muka kewaya filin da kekuna sau uku ana bandiri, yara na murna, manya na share ido. Bayan la'asar aka miƙo mini lasifika. Na fara da mamata. A gida, wannan takardar ba ta wuce suna goma sha. Ran nan na yi ta kira har inuwar bishiya ta tashi daga kaina ta koma bayan fili. Akwai gidan da na kira mutum bakwai a jere, babu wanda ya rage da zai ce amin, sai maƙwabta suka ce. Ba kururuwa, ba ihu. In na kira suna sai ka ji wani ɗan nishi daga ɓangaren mata, shi ke nan.

Na ɗauki takardar matafiya. Sunansa ne na tara. Na kira na takwas, jama'a suka ce Allah ya dawo da shi lafiya. Na kalli na tara. A ce in tsaya gaban Allah da mutanen garinmu, ranar haihuwar Annabi, in sa su roƙa wa mutumin da na ga nutsewarsa dawowa lafiya, alhali ko gafara ba a taɓa nema masa ba. Muryar da nake taƙama da ita ta ƙi fita. Sai na tsallake, na kira na goma.

Goni bai lura ba. Tsohuwar ta lura. Ana shafa fatiha, mutane sun fara tashi, sai na gan ta tana ratso maza da sandarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Matar ɗanta na biye da ita.

Ta ce, “Ka tsallake ɗana.”

Na ce, “Ya, mu je gida in yi miki bayani.”

Ta ce, “A nan ka tsallake shi. A nan za ka faɗa.”

Na durƙusa a ƙasa da babbar rigata na faɗa mata komai. Iyon da ya yi, kiran da ya yi mini, wutar da na ƙara, harsashin. Ban rage ko ɗaya ba. Matarsa ta zube a wajen, mata suka ɗauke ta. Tsohuwar kuwa ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni abu ɗaya: “Ya daɗe?” Na ce bai daɗe ba. Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, “Shekara uku kana ɗaukata a kekenka.”

Ta juya wajen Goni ta ce a mayar da sunan ɗanta inda ya dace. Goni ya sa aka dawo da mutanen da suka fara watsewa. Ya ce ni zan kira, don ni ne shaida. Na kira sunansa shi kaɗai, aka nema masa gafara, rana na shirin faɗuwa.

Daga baya Goni ya bincika ta waya, ya sami wani dattijo a wajen Chadi da yake cikin jirgina ran nan, ya tabbatar da maganata. Ya kuma gaya wa matar cewa takabarta ta riga ta wuce tuntuni, don daga ranar rasuwa ake lissafi. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta ce ko zaman makokin mijinta ban bar ta ta yi ba. Bayan shekara ta yi aure, ba da mai shagon nan ba, shi ya riga ya auri wata. Har yau in mun haɗu a hanya takan sauya gefen titi, kuma ban ga laifinta ba.

Mutanen garinmu ba su tsangwame ni a kan jirgin ba. Da yawa cikinsu sun zo sun same ni a ɓoye, kowa da wanda ya bari a baya ran nan, kowa da abin da bai taɓa faɗa wa iyalinsa ba. Mahaifiyata ce ta fi yi mini zafi. Ta ce, “Ba tausayinta ka ji ba, kanka ka tausaya wa.” Gaskiyarta ce. Ina tsoron ranar da tsohuwar za ta daina ce mini ɗana, sai na sayi shekara uku da ƙafafunta da kuruciyar surukarta. Tun daga nan na gane cewa mugun labari haƙƙin mai shi ne, kamar gado. Wanda ya riƙe shi ya ci amana, komai taushin muryar da ya yi ƙaryar da ita.

Ban daina zuwa Limanti gaishe ta ba. Takan amsa, “Lafiya,” ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma sake zuba mini abinci ba. Haka muka yi shekara huɗu. Da ciwon ajalinta ya kama ta, na je dubiya da rana, na zauna daga bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yafito ni da hannu. Na matsa na ce, “Ya, ki yafe mini.”

Ta ce, “Na ruwa na yafe maka tun a filin nan. Ko shi ne a kan inji, da mutane cike da jirgi, ban san abin da zai yi ba.” Ta huta, ta ja numfashi. “Na shekara ukun kuma, ina ƙoƙari.”

Kwana tara bayan haka ta rasu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Har gobe ban san inda ƙoƙarinta ya tsaya ba.