Layin Ƙarshe a Allon Tagulla

Ranar Talatar da ta wuce ina tsaye a Aldwych, nan Ingila, ina jiran bas, sai na ji ƙarar buroshi a kan ƙarfe. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ke wanke gunkin wani Bature da aka watsa wa jan fenti, yana bin bayan kunnensa a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Bas biyu suka wuce ni. Hankalina ya riga ya tafi bakin gadar garinmu.

A can, gefen gadar jirgin ƙasa, akwai wani ginshiƙin dutse da Turawan mulki suka kafa, da allon tagulla a jikinsa. Duk shekara in an gama yankan dawa, kakata takan jiƙa tsamiya a ƙwarya, ta ƙulle toka a tsumma, ta ce in biyo ta. Takan goge allon duka, amma sama-sama, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabcin da ba a shiri da shi. Layin ƙarshe kuwa, na can ƙasa, sai ta durƙusa ta dirje shi har ya fi sauran haske. Mahaifinta yana cikin waɗanda aka kwasa aikin dole. Gadar farko ta rufta da su da damina, ruwa ya tafi da su. Ba a samu gawa ba, balle kabari.

Kawuna, wanda ya taɓa siyasa har ya ɗanɗana gidan yari, yakan ce tsohuwa ta zama boyin Bature bayan Baturen ya mutu. Ita dai takan ce ya matsa, ya tare mata haske.

Ni a zatona sunan mahaifinta ne a layin. Da na shiga aji huɗu, Turanci ya fara hawa mini kai, na ce yau ni zan karanta mata. Na karanto sunayen injiniyoyi biyu, da muƙamansu, da garuruwan da aka haife su a Ingila. Na iso ƙasa. Abin da layin ya ce shi ne, “da wasu leburori 'yan ƙasa.” Shi ke nan. Na sake dubawa, har na leƙa bayan dutsen. Kunya ta kama ni kamar ni na rubuta. Ina shirya ƙaryar da zan yi mata, sai ta riga ni.

“Na sani, babu sunansa,” in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. “An karanta mini tun ban haifi uwarka ba. Amma sun amsa da hannunsu cewa mutane sun mutu a nan. Wanda ya rubuta laifinsa a ƙarfe, ba a barin datti ya rufa masa asiri.”

A hanyar gida ta jero mini sunayen waɗanda ruwan ya ci, kowa da unguwarsu. Ni ɗan boko, ban rubuta ko ɗaya ba. Innata, autar kakata, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ita ta riƙe su a ka.

Bara ƙanena ya turo mini hoto. An ɓamɓare allon, ramukan ƙusa huɗu kawai suka rage, an kuma farfasa kan ginshiƙin. Wasu suka ce 'yan jari-bola ne, wasu suka ce samari ne masu fushi da mulkin mallaka. Na nuna wa 'yata, haifaffiyar Plumstead, mai jin Hausa ta amsa da Turanci. Ta ce ai gara haka, tarkacen 'yan mulkin mallaka ne. Ban ga laifinta ba, littattafan da suka koya mata wannan fushi ni na saya mata. Na dai ce mata abin da aka ɓamɓare shi ne takardar mutuwar kakan kakanninta, kuma babu kwafi.

Mun zauna a ƙungiyar garinmu a Barking, muka rubuta wa hukumomin gida cewa a sa wurin ƙarƙashin kariyar doka, a hukunta mai taɓa shi, a mayar da allon. Wani dattijo mai kyakkyawar niyya ya ce a gyara kalmomin tunda dama ta samu. Na ƙi. A mayar da shi harafi da harafi, da raininsa da komai. A gefensa mu kafa namu, mai sunaye.

Nan Baturen da ya mutu yana da doka da ma'aikaci mai buroshi. Namu mamatan, tun da kakata ta rasu, tsohuwa ɗaya gare su, innata, ita ma kunnenta ya yi nauyi. Duk Lahadi nakan kira inna, tana faɗin sunayen, 'yata tana rubutawa, tana tambaya da Hausarta mai ɗingishi. Lahadin nan inna ta tsaya cak a kan sunan wani mutumin unguwar maƙera. Ta yi ta lalube. Daga baya ta ce a bari sai wani makon, zai dawo mata.

Ban yarda da wani makon ba. Na yi booking na jirgi zuwa gida, kujera biyu, ni da 'yata.