Ƙofar da na kulle mahaifiyata a bayanta

Shekarun baya, ina aiki a wani shagon kayan gini a unguwar Bagdadiyya ta birnin Jidda, aka kawo mana sabuwar ƙofar gilashi wadda ko guguwa ta jefo mata ƙarfe ba za ta fashe ba. Kafilina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya sa muka kafa ta a bakin shagon, da makulli mai aiki da lantarki. Ni kuwa na samu abin tinƙaho. Duk wanda ya shigo sai na ɗauko guduma na maka wa gilashin, in tsaya ina murmushi kamar ni na ƙera shi.

Wata rana mahaifiyata ta biyo daga kasuwar Bab Makka da ledojin yadi, gwiwoyinta sun dame ta, ta zauna hutawa. Aka kira La'asar, a lokacin kuma dole a rufe shago in an kira salla. Na ce, "Umma, yi taki sallar a ciki, zan kulle in dawo."

Muna cikin sahu ruwa ya kece. Wanda ya san Jidda ya san ruwanta, ba ya yawan zuwa, in ya zo kuma titi ya koma kogi. Kafin mu sallame wuta ta ɗauke. Na fito a guje, ruwa har gwiwa. Na danna makulli, shiru. Ɗan makullin hannu yana aljihun kafilina, shi kuma yana Makka.

Cikin shagon ya fi titi zurfi, ruwa kuma na ɓulɓulowa ta magudanar banɗaki. Ta gilashin nake ganinta, ta dafa kantar shagon, ruwa ya kai mata cinya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ciro bulo na dinga bugawa, ina ihun "Umma!" har hannuna ya fara jini. Bulo ya rugurguje, gilashi ko tsagewa.

Abokina mai haɗa tagogi a shagon kusa ya fizge ni. "Halas, ya isa, bar gilashin nan, kai ka fi kowa sanin halinsa! Yalla, maza riƙe min ƙofar." Ya kawo injin yankan ƙarfe mai batir ya kafa wa maratayan ƙofar. Ina riƙe, ina kallon ruwa yana hawa ƙugunta.

Da ƙofar ta kwanta na faɗa ciki na goyo ta. Jikinta sanyi ƙalau. Muna hawa matakalar maƙwabta ta ce a kunnena, "Kayan naku na da kyau. Na ga ka buga, bai fashe ba."

Har yau ina sayar da ƙofofin nan, kuma ƙarfinsu gaskiya ne. Amma na ajiye guduma. Duk wanda ya tambaye ni ko iska za ta iya shiga, sai na fara nuna masa ta inda mahaifiyarsa za ta fita.