Yatsu Babu Lalle

'Yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, a goye na shigo da ita Doha. Da bizar ziyara muka zo wajen babanta, direba ne. Ni daga baya na samu iƙama, wato takardar izinin zama, wata likita 'yar garinmu a Al-Sadd ta zama kafil ɗina, wato mai tsaya mini, ina yi mata girki. Ita yarinya bizarta ta mutu, albashin babanta kuma bai kai a yi mata ta iyali ba. Haka ta girma a ɗakinmu na Bin Omran, ba makaranta, ba asibitin gwamnati. Ɗan karatun da na samo a ajin yaƙi da jahilci shi na koya mata, sauran ta tsinta a waya.

Da korona ta zo, ko kanti ba ka shiga sai ka nuna kore a wayarka, koren kuwa sai da lambar iƙama. Kowa yana ta kukan kulle. Ita ta ce, "Umma, yau kowa ya zama ni." Na ci gaba da tsince shinkafa.

Sai aka yi sanarwa, masu zama ba takarda su fito kafin wa'adi ya cika, ba kamu. Babanta ya yi ta zirga-zirga har aka ce za a ba ta takardar wucin gadi, in an ɗauki hoton yatsunta. In wa'adi ya wuce sai Kano, garin da ko ƙofar gidan kakanta ba ta sani ba.

Ana gobe za mu je ɗaukar yatsun ta ce lalle take so. A wajenmu budurwa ba ta fita babbar rana da hannu fari. Na kwaɓa, na ƙunsa mata, na ɗaure da leda. Ya kama sosai, kan yatsun har ya yi baƙi.

Ma'aikaciyar da ke kan injin ta ɗora mata babban yatsa a gilashi. Fitila ta kawo ja. Ta sauya yatsa, ja. Ta juya hannun ta duba, ta ce, "Halas," wato shi ke nan da Larabcinsu. "Sai ya goge. Yalla." Ta kira na bayanmu.

A tasi babanta ya ce, "Wai ku biki kuka ɗauka za mu?"

Ta ce, "Baba, ai ni ban taɓa zuwa ko'ina ba."

Ni ina kallon fitilun hanya, su ma ja da kore.

Muka shiga wanki. Lemun tsami, gishiri, garin sabulu, har dutsen goge kaushi. Da muka koma lallen ya dushe, amma fatar ta saɓule, injin bai ga zanen komai ba. Likitar da nake wa aiki ta ce mu bar hannun ya huta, man shafawa kawai. Wa'adi yana matsowa, ita tana zaune da tafuka a buɗe kan cinya kamar mai addu'a. Ban yi kuka ba. Girki nake yi, in dawo, in duba yatsu.

Dab da cikar wa'adi muka sake komawa, fitila ta kawo kore. Aka ba ta takarda ta 'yan watanni, in ta kusa ƙarewa a koma, a sake ɗora yatsa.

Lokacin gasar ƙwallon duniya ta fara shiga jirgin ƙasa ita kaɗai. Ta dawo tana ba ni labarin mutane masu fenti a fuska, suna rawa a tasha. Na ce to, madalla, ci abincinki.

An sabunta takardar, an sake sabuntawa, ba wanda ya ce mana har yaushe. Sallah ta zo, na kwaɓa lalle, na miƙa mata kwanon.

Ta ce, "Umma, yi naki. Ƙila a kira ni."

Na yi a ƙafata. Ita ta ɗaure mini ledar.