Kofin Shayin Baba Inuwa

Duk namijin da ya tashi a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, in ya hango Baba Inuwa wanzami sai ya rage murya. Ko ma'aikacin banki ne, ko mai gemu har ƙirji, ya san tsohon nan ya taɓa jin kukansa. Shi ya yi wa kusan dukanmu kaciya, kuma bai manta wanda ya daure da wanda ya yi ta kiran kakarsa ba.

Yana da wata al'ada. Ranar da zai yi aiki, sai ya je wurin mai shayi a cika masa kofi har baki, ya riƙo shi da hannu ɗaya, ya tako zuwa ƙofar gida. In ko ɗigo bai zuba ba, to hannu na nan, a kawo yara. Kayan aikinsa dafa su yake yi, kowane yaro da sabuwar aska, amma a wurinsa duk wannan bayan kofi yake.

Da hutun makarantar bana aka sa ranar jikansa Faruk, wanda tuni ya zaɓi zakaran da za a yanka masa. Da safe Baba ya taho da kofinsa. Bai kai rabin layi ba shayi ya zubo masa a yatsu. Ya koma aka ƙara cikawa. Ya sake zuba.

Matarsa Inna Lami na zaure tana kallo. Ta ce, "Malam, ai hanyar ce duk ramuka."

Ya ce, "Ramukan nan tare muka tsufa da su. Sa wa yaron riga."

Ya tare adaidaita sahu, ya nufi wani ƙaramin asibiti a Tarauni, inda Junaid, ɗan layinmu, yake aikin jinya kuma yake yi wa yara kaciya. Junaid na ganinsa ya miƙe, murya ta yi ƙasa.

"Baba, jikanka? Ni zan yi masa?"

"Kai ɗin. Amma fara samo kofi."

Haka nas guda, sanye da farar riga, ya ɗauki kofi cike da ruwa ya taka barandar asibiti daga wannan kai zuwa wancan, masu jiran likita na binsa da ido. Bai zubar ba. Baba ya gyaɗa kai, ya miƙa masa yaro.

Baba ya tsaya a gefe yana duba komai, daga safar hannu zuwa kayan aikin da aka buɗe a gabansa. Da aka yi allurar kashe zafi, Faruk ya ɗan yi ƙara, daga nan sai tambayar ko an kama zakara. Da aka gama, Baba ya leƙa ɗinkin, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ya yi kyau. Da akwai allurar nan a zamaninka, da ba ka cije ni a babban yatsa ba."

"Baba, a gaban mutane?"

"To a gaban wa ka cije ni?"

Faruk ya warke sumul, ya cinye cinyoyin zakaransa biyu bai ba kowa ba. Baba kuwa ya rataye jakar askarsa. Yanzu duk mai ɗan kaciya a layinmu, shi ke raka shi wurin Junaid, kuma har gobe sai Junaid ya ɗauki kofi.

Shayi kuma a bencin mai shayi Baba yake shan abinsa. Ya ce sai yanzu ya san ashe da zafi ake shansa.