Ɗoɗɗoyar Gefen Dutsen Alwala

A gidanmu na Tozai akwai dutsen da Baba yake tsugunawa a kai ya yi alwala. A gefensa ɗoɗɗoya ta fito. Ba wanda ya taɓa ba ta ruwa da gangan. Abin da ya zubo daga hannun Baba da ƙafarsa sau biyar a rana, shi ne rabonta. Ganyenta Inna take dafawa ta sha idan tsohon tarinta ya taso.

Shekarar da na gama jami'a na dawo gida, damina ta yi gardama. Rijiyar unguwa ta ƙafe, sai mu tafi gulbi mu tona yashi, mu zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Jarka biyu muke samu, wata rana ɗaya. Baba ya ce ruwan sha ne gaba, ya rataye buta ya koma taimama, mu ma muka bi.

Bayan kwana huɗu ko biyar, ba za ni rantse ba, ɗoɗɗoya ta langaɓe. Tarin Inna kuwa sai ƙaruwa yake.

Na rasa sukuni. Aikin gona na karanta, ba likitanci ba, kuma ban taɓa ganin inda aka tabbatar ganyen nan yana kashe tari ba. Watakila ɗumin ruwan ne kawai. Amma na san idan ta sha, takan iya kai ƙarshen magana. In shiga, in fita, in tona gindinta da yatsa. Na yi mata rumfar kara, na cire, na mayar. Na ɗebo moɗa daga randa, na tuna bakin mutum shida na gidanmu ke jiranta, na juye a randa.

Baba yana kallona daga zaure.

"Kai ɗan boko, mi kaka yi nan tun ɗazu? Gaisuwa dai ba ta shayar da icce."

Na ce, "Baba, ina ganin... ko da yake ban sani ba... in mutum ya yi alwala da ruwan shansa, alhali ba alwalar kaɗai ce nufinsa ba..."

"Digiri guda, magana ba kai ba gindi! Za ta mutu ko ba za ta mutu ba?"

"Za ta mutu."

"Uwarka fa?"

"Ba ni da tabbacin cewa ganyen ne..."

"Ban tambaye ka tabbaci ba. Miƙo buta."

Ya juye moɗar ruwan shansa na ranar a ciki, ya hau dutsen. "Azahar da ruwa, saura da ƙasa. Ni za ni ji da ƙishina, kai ka ji da shakkarka."

Ni kuma na ɗauki alwalar la'asar da tawa moɗar. Inna ba ta sani ba, da ta sani da ta hana.

Reshe biyu suka rayu, uku suka bushe. Ganye huɗu nake tsinka wa Inna kullum, ina fargabar ko na biyar zai kashe tushen. Da su ta kai ruwan farko.