Inshorar Motar da Ke Kan Duwatsu

Motar Babanmu akori-kura ce fara, ko in ce ta taɓa zama fara, don tun da na yi wayo launin ɓawon albasa gare ta. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mini karatu har na zama malamar firamare a Jega. Aikinta kwasar albasa daga gonakin Aliero da Jiga Birni zuwa kasuwa, in kaka ta yi kuma ta gangara Maiyama, ta shiga Gumbin Kure ta ɗauko gero. Warin albasa ya kama kujerunta kamun da sabulu ba ya fitarwa. In ya rage mini hanya zuwa makaranta, yini ake ana toshe mini hanci a aji, ni kuwa in dawo gida ina kumbure-kumbure. Yau in na bi ta rumfar 'yan albasa rage tafiya nake yi, don in shaƙi warin nan da kyau.

Ido ne ya sauke Baba daga mota. Hawan jinin ido, in ji likita, kuma a gabansa ya faɗa mana cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba. Baba ya saurare shi tsaf, muna fitowa ya ce likita yaro ne, kuma ba shi ke ba da gani ba. Ya sa aka turo motar gindin darbejiyar ƙofar gida, aka ɗora ta kan duwatsu huɗu don kada tayoyi su lalace kafin ya warke. Haka ya ce, kafin ya warke. Ba wanda ya yi masa musu.

Ta zauna nan shekara da shekaru. Kajin Inna suka mayar da bayanta wurin ƙwai. Inna ta yi mita har ta gaji, ta ce an tsare mata wurin shanya da ƙarfen banza. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe a kilo, suka fara zarya. Duk wanda ya yi sallama ya taya, amsa ɗaya Baba ke ba shi: motar da takardunta ke da rai ba gwangwan ba ce. Haka direbobin tashar Aliero na zamaninsu suka ɗauki abin. Mota ko ba ta da inji, in dai takardunta ba su mutu ba, jinya take yi. Ran da aka bar su suka mutu, ran nan ta tashi daga mota ta koma gwangwan.

Don haka duk shekara, da an fara cirar albasa, sai ya sa a sayar masa daga cikin abin da gonarsa ta ba shi, ya kira ni a waya in zo in karɓa in sabunta masa inshora. Kuɗina ba ya taɓa shiga ciki. Na gwada sau ɗaya, ya yi mini faɗan da ban sake ba. In na kawo sabuwar takardar, sai ya shafa ta ciki da baya, ya sa in karanta masa lambar motar da ranar da za ta ƙare, sannan ya lallaba da sandarsa ya buɗe ƙofar, ya saka ta a aljihun gaban mota da hannunsa. Wani lokaci ya ɗan zauna a mazaunin direba ya riƙe sitiyari, yana ba ni labarin ramukan hanyar Giwa Tazo ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya ya bi ta. Ni fa ina son ranar nan. A duk shekara ita ce ranar da nake ganin Babana yadda na san shi.

Wurin wani dattijo nake sabunta ta a Jega, wakilin kamfanin inshora, mai ɗan teburi a rumfa kusa da ofishin lasisi. Kullum sai ya tambaye ni ya mota, ya ƙoƙarin Baba da hanya, ni kuma in ce lafiya lau. Ban taɓa gaya masa kan duwatsu take ba. Ina ruwansa?

Sai shekarar da kuɗin inshora ya tashi, tashi ba na wasa ba, wajen ninki uku a lokaci ɗaya. Baba a rediyo ya ji. Da na je ya miƙo mini kuɗin cif, ya riga ya sa an ƙara buhunan da za a sayar, amma ransa a ɓace. Ya ce kada in biya sai na tambayo masa dalili, don shi a saninsa takarda ba ta ƙara faɗi ba, ba ta ƙara tsawo ba.

Na je da zafina, na ce wa dattijon su ji tsoron Allah. Ya yi dariya ya ce, Malama zauna, shi ma ɗan aike ne, daga sama aka yanke farashin. Ya ce kuɗin da kowa ya biya tukunya ɗaya ake zubawa, daga ciki ake ɗiba a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa. To kayan gyara daga waje suke zuwa, naira ta faɗi, fitila ɗaya ta motar zamani sai ta cinye abin da mutane da yawa suka zuba. Ga kuma masu ta bogi da ke zaune a gindin bishiya suna bugawa a araha, motocin masu saya na kan titi amma ba su zuba komai a tukunyar ba. Yanzu ma, in ji shi, jami'an hanya a waya suke duba lamba su gane ta gaske. Na ji a raina cewa ta bogin ma za ta ishe motar da ba ta zuwa ko'ina, kuma Baba ba zai gani ba. Amma mutumin da bai taɓa ɗaukar jabu yana da ido ba, ba ni zan saka masa ita a hannu don ya makance ba.

Har na miƙe, sai na tambaye shi, to in wani abu ya sami motar, nawa za su ba mu? Ya ce ko sisi. Inshora iri biyu ce. Akwai babba mai tsada, wadda ke gyara maka taka motar. Tamu ƙaramar ce, wadda doka ta tilasta, kuma ba ta san motarka ba sam. Wanda ka banke take biya, ko motarsa, ko katangarsa, ko jinyarsa.

Ban biya ranar ba, tunda dalili aka aike ni in kawo. Na hau mota na koma Aliero bayan la'asar, na tarar da Baba kan tabarma a inuwar motar. Na zayyana masa komai. Zancen tukunya ya yi masa daɗi. Ya ce ai wannan tsohon abu ne, su ma haka suke yi a tasha. Shekarar da motar ta kife da shi da lodin gero, 'yan'uwansa direbobi ne suka tashe ta: wannan ya kawo gilashi, wancan ya biya mai walda, wani ya yi masa jigilar kayan mutane har ya miƙe. Bai ko tuna da wata takarda ba, shi a wurinsa abar nunawa ce a shingen hanya. Ya lissafo su da laƙabinsu, kusan kowanne sai ya ce Allah ya jiƙansa.

Da na zo kan iri biyun nan, sai ya dakatar da ni. Ya sa na maimaita.

"Ashe ba don motag ga aka yin ta ba? Don wanda zan banke?"

Na ce haka dattijon ya ce, Baba.

Ya juya fuskarsa wajen motar, ya daɗe. Kaza ta fito daga ƙarƙashinta tana kyarkyara.

"To ɗiyata, wa zan banke ina zaune nan?"

Wallahi na so in ce masa ai za ka warke. Shekaru yana faɗa muna yin shiru, ran nan da ya kamata wani ya faɗa masa, wani abu daban ya fito bakina. Na ce a dai biya, ko don sabo. Ya ce a'a, in kai wa Inna kuɗin ta sayi abin da take so. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Na fi son faɗan.

Takardar ta ƙare a ranarta. Ba a yi wata ba ya aika aka kira 'yan gwangwan da kansa. Ban je ba, ba zan iya ba. Inna ce ta ba ni labari, ita da ta fi kowa son a kawar da motar, tana faɗa tana share ido da bakin gyale. Ta ce abu ɗaya Baba ya hana su ɗauka, duwatsun nan huɗu. Suna nan gindin darbejiya har yau, kuma a kan na gaba ta hannun hagu yake zama da hantsi, daidai inda mazaunin direba yake. In na je mukan yi hirar jikoki da ta farashin taki. Bai sake yi mini zancen hanyar Giwa Tazo ba, bai kuma sake cewa kafin ya warke ba.

Dattijon nan na Jega yana da lambata. Duk shekara da an fara cirar albasa sai ya kira, ya ce Malama takardarku fa ta daɗe da mutuwa, ya mota, ya ƙoƙarin Baba da hanya? Bana ma ya kira ina tsakiyar aji. Na fita baranda na ce masa lafiya lau, tana nan, zan shigo in sha Allah.